Yankakken Kaset ɗin Alhaji Mumuni

Na san abin da ake faɗa muku a gidan Yaya Habibu, Allah ya jiƙansa. Cewa ake an tura babanku ƙasar Sin sarin kayan sallah, ya je ya ɓige da bin makaɗa. Ke Rabi kin taɓa tambayata kina ƙarama wai ko da gaske ne na taɓa zama ɗan kiɗa, na yi dariya na kore ki. To ban taɓa buga ko gwangwani da sunan kiɗa ba. Amma maganar tana da tushe, kuma gara ku ji ta daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa.

A ƙarshen shekarun casa'in Yaya Habibu ya tura ni Guangzhou. Shi ke da shago a Kwari, ni yaronsa ne kuma ƙanensa, aikina in zaga kasuwannin Baima da Shahe in zaɓo rigunan yara, in sa a ɗinka, in loda. Lokacin baƙin mutum bai yi yawa a garin ba, idan aka idar da Juma'a a Masallacin Huaisheng kusan duk fuskar da ta yi kama da taka ka san ta. Juma'ata ta farko ina tsaye a ƙofa riƙe da takalmi, cikina na kuka, ban san ko hanyar masaukina ba, sai wani dattijo gajere mai farin gemu ya kalli hulata ya ce da ƙarfi, kamar yana kiran wani a tsallaken titi:

"Kai ɗan Kano, ka ci abinci?"

Shi ne Alhaji Mumuni, mutumin Zangon Kumasi, mai tura wa mutane kaya a jirgin ruwa. Tun daga ranar na zama ɗan gida. Matarsa Hajiya Lariba ta ba ni katifa a falo, ta ba ni tuwo da miyar kuɓewa a ƙasar da na ɗauka sai na koma gida zan sake ganinsu. Alhaji ne ya koya mini cewa duk mai shago "lawban" ne, kuma idan ya ce maka "meyo", wato babu, kada ka tafi, ka tsaya ka sha shayinsa, sau da yawa kayan suna nan. Shi ya koya mini babbar dokar sana'ar: ranar da ake zuba kayanka a kwali, ko zazzaɓi kake yi ka je ka zauna a kamfanin, ka buɗe kwalayen da hannunka. Hausarsa ta Zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, na dai gyara muku ita a nan. Ihun da yake yi kuwa ba faɗa ba ne. Kunnensa na dama ya riga ya mutu, na hagun ma likita ya gaya masa yana kan hanya, babu maganin da zai tsayar da shi.

Wata rana da la'asar na dawo na tarar da shi ya manna kunnen hagun a jikin rediyo, wani kiɗan Turawa na tashi, busa ce zalla mai hawa da sauka kamar mai busar yana gardama da kansa. Na yi mamaki, don mutum ne da carbi ba ya barin hannunsa. Ya kashe, ya ce in zauna.

"Wana ne wannan," in ji shi. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Isiyaku."

Isiyaku ya fara busa ƙahon da ake kira saksofon a wajen masu kiɗan rawa na bakin teku tun yana saurayi, daga nan ya bi jirgin ruwa ya tafi Amurka. Can ya yi suna a kiɗan jaz, da wani sunan da Turawa suka san shi da shi. Ba zan rubuta sunan ba, domin Alhaji bai taɓa kiransa da shi ba. Amma kafin sunan ya zo, ya yi shekaru ana ɗaukarsa haya yana busa a bayan mawaƙan rawa na baƙaƙen fatar can, irin kiɗan da suke kira ridim-an-buluz. Kun san yadda ake yi a nan: kowa ya san mawaƙi, babu mai tambayar sunan mai kalangun da ke bayansa. Can ma haka ne, ba a ko rubuta sunansa a faifan. Sau ɗaya ya zo gida, bayan rasuwar mahaifiyarsu Mma Salamatu, mai sayar da koko. A zuwan nan ya gaya wa Alhaji cewa a wata waƙa ta wata mata mai rera waƙa a zaune tana kaɗa fiyano, waƙar mace mai jiran jirgin ƙasa, an ba shi ɗan fili a tsakiya ya yi busa shi kaɗai. Kewar gida ta kama shi, bai san lokacin da ya busa waƙar da Mma take tashinsu da ita da asuba ba. Alhaji bai riƙe sunan matar ba. Ya ɗauka akwai lokaci. Isiyaku ya koma, ya rasu a can.

"Kalmomin suna nan," Alhaji ya ce, ya faɗe su a miƙe kamar mai karanta adireshi. "Tashi Isiyaku, tashi Mumuni, wuta ta kama, koko ya yi. Amma muryar ta ɓace mini, Tijjani. Na nema a kaina na rasa. Duk wanda ya san ta ya mutu. Ina son in ji ta sau ɗaya kafin wannan kunnen ya rufe."

Hajiya tana daga kicin ta ce ya sha sa 'yan Ghana da ke Amurka su nema, kowa sai ya aiko masa da manyan faya-fayan jaz ɗin, waɗanda yake da su tuntuni.

"Waɗannan Turancinsa ne," in ji Alhaji. "Ni Hausarsa nake nema."

Yanzu ku ji ikon Allah, yadda abin da aka rasa a Amurka ya zo yana yawo a kwararon Guangzhou. A zamanin nan, duk faifan sidi da kaset ɗin da ya yi kwantai a Amurka, sai su sa masa zarto su yi masa yanka a gefe don kada a sayar, su cika kwantena su turo Sin a matsayin sharar roba, a niƙe a narke. Samarin Sin kuwa suka gane cewa yankan ba ya cinye duka, suka riƙa tsinto su suna sayarwa a lunguna. Na san wani mai irin wannan shago a bayan inda nake sayen ledar ɗaure kaya, wani siriri mai tabarau da dogon gashi, sunansa Afai, yana jin Turanci gwargwado. Ban taɓa shiga ba sai ranar da na je na faɗa masa sunan Isiyaku na Turawa, na ce ƙanensa yana nan garin yana lodin kwantena. Mutumin nan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ƙarya nake. Da na kai shi gida ya ga Alhaji, sai ya rusuna ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, har Hajiya ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau.

Daga nan aka shiga nema. Afai yana ware duk wani faifan da aka tattara tsofaffin waƙoƙin matan wancan zamani, ni ina ɗaukowa, ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya manna kunne mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni ban san abin da muke nema ba, fuskarsa kawai nake kallo. Mata masu fiyano ashe suna da yawa, jiragen ƙasa kuma sun fi su yawa. Wasu 'yan uwanmu masu zuwa cin tuwo suka fara gunaguni, wai gidan Alhaji ya koma gidan rawa. Hajiya ta ce wanda kiɗan ya dama ya ajiye mata kwanonta. Babu wanda ya ajiye. Ana haka ina lura kullum Alhaji yana ƙara murɗa rediyon, har maƙwabta suka fara buga bango.

Wata ranar Talata na biya shagon, Afai ba ya nan, ƙanwarsa ce ke tsaro, ba ta jin komai sai yarensu. An kawo sabon buhu, na zauna ina tonawa. Sai ga wani faifai da hoton wata mata mai jiki a gaban fiyano, makaɗa tsaye a bayanta. Na can gefe, mai riƙe da ƙaho, yaro ne siriri, amma goshin da hancin na Alhaji ne sak, har da ɗan zanen da ke kumatu. Na juya baya, waƙa ta ƙarshe akwai jirgin ƙasa a sunanta. Kuma guda biyu ne a buhun. Ɗaya zarto ya shige shi sosai ta baki. Ɗayan yankan bakinsa ɗan kaɗan ne, amma yana da mummunan karce a ciki kusa da ramin tsakiya.

A nan na yi wayon da ya kashe ni. Ni ɗan gidan garmaho ne, kakanku yana da shi, na girma ina kallon allura tana farawa daga bakin faifai tana gangarawa ciki. Waƙar farko a baki, ta ƙarshe a tsakiya, wannan ko yaro ya sani. Sai na ce ai mai yankan baki waƙar farko kawai ya rasa, wadda nake nema tana can ciki lafiya lau. Na ajiye mai karcen, na ɗauki mai yankan, ina tafe ina yaba wa kaina.

Alhaji ya ga hoton, ya shafa fuskar yaron da babban yatsa. Muka sa faifan, na yi mamaki da na ji waƙar farko ta fito garau. Muka bi su duka, ya ƙi yarda a tsallake ko ɗaya, ga busar wansa nan a baya tana amsa wa matar. Da aka zo ta ƙarshe, fiyano ya fara, matar ta buɗe baki, sai faifan ya kama ƙat-ƙat-ƙat, ya tsaya. Na goge shi da rigata, na sake sawa. Nan dai ya sake tsayawa. Alhaji ya ɗaga kai daga jikin rediyon ya ce:

"Kunnena ne, ko shi ne?"

Wallahi na gwammace a mare ni da in ji wannan tambayar. Da na koma wajen Afai ya dafe kai, ya ce sidi daga tsakiya yake farawa ya ƙare a baki, kishiyar garmaho. Wanda na ajiye shi ne mai waƙar. Muka zazzage buhun, babu shi, wani ɗalibi ya saya, ƙanwar ba ta san ko daga ina yake ba.

Bayan kamar sati biyu Afai ya zo har gida ya ja ni waje. Ya ce mutuminsa na wani gari a bakin teku, inda ake sauke sharar, ya yi masa waya: za a buɗe kwantena daga rumbun da wancan buhun ya fito. Kwana biyu ake bari a tona, daga nan sai injin niƙa. Bai yi mini alkawarin komai ba, ya dai ce ido huɗu ya fi biyu, kuma tarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da ya faɗi ranar sai na lissafa. Ita ce ranar da za a zuba kayan Yaya a kwali, kuma jirgin da zai ɗauke su shi ne na ƙarshe da zai isa kafin sallah. Ba a ɗagawa. Wanda zan iya wakiltawa Alhaji ne kaɗai, shi kuwa da ya ji dalili zai hana ni tafiya, ya haɗa ni da Allah. Na sami Hajiya tana tsinke alayyafo na gaya mata. Ta ajiye alayyafon.

"Ba zan ce ka je ba, ɗana, amanar yayanka ce a hannunka," ta ce. "Amma jiya na kira shi daga bakin ƙofar nan sau uku bai juyo ba."

Na tafi. Na gaya wa mai kamfanin ya zuba kayan kamar yadda muka yi da shi, na bi Afai muka hau doguwar mota. Ba na son ku ɗauka ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na auna riguna da kunnen mutumin da ya ɗauke ni daga ƙofar masallaci, na zaɓa.

Wurin wani fili ne da aka zagaye da kwano, tarin faya-fayai ya fi tsayin ɗakin nan, mata sanye da malafa suna fasa kwanson suna ware roba da takarda. Ga zafi, ga warin robar da ake narkarwa. Muka hau tarin muna tonawa, tsinin roba yana yanka mana yatsu. Matan suna ta kallona suna dariya, wata tsohuwa ta zo ta murza hannuna ta duba yatsanta. Afai ya nuna musu hoton matar mai fiyano, ya roƙe su su sa ido. Ranar farko babu komai. Na yi sallolina a kan kwali a gefen tarin, ina roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Rana ta biyu da yamma, an riga an tayar da injin, mun zauna mun yi jugum, sai tsohuwar nan da ta murza hannuna ta taho tana ɗaga wani abu tana kiran "lawban, lawban". Kaset ne, ba sidi ba, da hoton nan dai a jikinsa. Zarto ya ratsa kwanson ya tsinke zaren.

Na ce shi ke nan, wannan ma ya mutu. Afai ya ce in yi haƙuri. Da muka dawo shagonsa ya kwance kaset ɗin da ɗan sukudireba, ya kwashe zaren ya mayar cikin wani kwanson mai lafiya, ya datse inda ya tauye, ya haɗa bakin da ɗan salatif. Ya ce wutsiyar waƙar ta tafi, amma in dai busar a tsakiya take, tana nan. Na ce mu saurara mu tabbatar. Ya ƙi. Ya ce ba mu ya kamata mu fara ji ba.

Da hantsi muka kai. Alhaji yana zaune a kan dardumarsa, ya fara yi mini faɗan ina na shiga kwana biyu, sai ya ga yatsuna duk filasta, ya ga abin da ke hannun Afai, ya bar faɗan. Muka murɗa rediyon har ƙarshe, ya rungume ta ya kwantar da kunnen hagu a kan lasifikar. Fiyano ya fara, matar ta yi baitinta, ta sake wani. Sai ta ja baya, ƙahon ya shigo. Ni da ban taɓa jin waƙar ba, nan take na san ba ta Amurka ba ce. Muryar mace ce ta gidanmu, irin wadda ake yi ana fifita wuta. Ba ta daɗe ba, ɗan taƙi ne, ya busa ta sau biyu, na biyun ya ɗan ja ƙarshenta, matar ta dawo ta ci gaba da jiran jirginta. Alhaji bai motsa ba. Ya ɗaga yatsa, Afai ya mayar baya. A karo na uku sai muka ji wata murya a shaƙe tana bin ƙahon, kalmomin suna zama daram a kan busar:

"Tashi Isiyaku, tashi Mumuni, wuta ta kama, koko ya yi."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Afai ya fita baranda ya juya mana baya. Ni kuwa kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Kayan Yaya sun isa Kano a kan lokaci. Da aka buɗe, rabinsu rigunan ƙasar sanyi ne masu gashi a ciki, sallar kuwa ta layya ce, ta faɗo tsakiyar zafi. Lokacin babu wayar hannu a Kano, sai da ya je wajen masu wayar haya ya kira gidan Alhaji. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya tambaye ni ina nake ranar zuba kaya, na gaya masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe.

"Waƙa," ya ce. "To Allah ya ba da sa'a, Tijjani."

Bai sake aikena ko'ina ba. Mun ci gaba da zumunci, ya riƙe ku kamar 'ya'yansa, amma har ya koma ga Allah bai ƙara ba ni makullin shagonsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ciwon yana nan tare da ni. Da Alhaji ya ji abin da ya faru sai da ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, daga baya ya kira ni ya ce tunda na zama marar aikin yi, in zo in koyi lodin kwantena. Sana'ar da na ciyar da ku da ita ke nan.

Kafin azumin da ya biyo baya kunnen ya rufe gaba ɗaya. Sai da rubutu ko nuni ake yi masa magana. Amma kullum da asuba, idan ya fito alwala ya zo wucewa ta kan katifata, sai ya taɓa ƙafata da tasa ya rera ta, ya sa sunana a ciki. Tun yana yin ta daidai har ta fara karkacewa, don ba ya jin kansa, ni kuwa na riga na riƙe ta yadda take. Da zai koma Kumasi ya ba ni kaset ɗin, ya ce shi ya gama da shi. Shi ne wanda ke cikin akwatina, mai salatif, wanda kai Auwalu ka taɓa cewa in jefar.

Yanzu kun gane inda na dosa. Duk tashin asubar da na yi muku kuna tura baki, kuna cewa wane irin koko a gidan da shayi ake sha, ba waƙar kakarku ta Fagge ba ce kamar yadda kuke zato. Ta wata mai koko ce a Zangon Kumasi, wadda ban taɓa gani ba. Ɗanta ya kai ta Amurka, zarto ya bi ta kanta, wata tsohuwar Basiniya ta tsamo ta daga bakin injin niƙa. Na gode wa Allah da ya sa ni a hanyarta, na gode wa Afai da ban san inda yake ba yanzu.

Da na kwana gidanki watan jiya, Rabi, ina kwance na ji ki ta bango kina tashin ɗanki da ita, kin sa sunansa a inda na saba sa naki. Idan ya yi wayo ki gaya masa mai waƙar sunanta Salamatu, tana da 'ya'ya biyu, Isiyaku da Mumuni. Ku riƙa sa su a addu'a.